Kwamfutar da Na Koya wa Cewa Lafiya Lau

Ranar Talatar da ta wuce ɗaya daga cikinku, ku matasa masu koyon sana'ar kwamfuta, ya tsaya a ƙofar shagona, hannu ɗaya a aljihu, ya sanar da ni cewa tura imel daga cikin sikirif ai layi uku ne. Har ya nuna mini a wayarsa. Ya tambayi na'urar nan da ke amsa muku kowace tambaya, ta rubuto masa layukan kafin ya gama hamma. Na ƙirga, kuma gaskiyarsa, uku ne cif. Na taya shi murna. Shekara ashirin da 'yan kai ina wannan aiki a Mubi, ashe da na yi haƙuri na jira aka haife shi da na huta.

To tunda kun gama sanin aikin, ku ara mini kunnuwanku in ba ku labarin abin da ke faruwa bayan layi na uku. Ga wanda ya tsinci takardar nan bai san mu ba, sikirif wani ɗan jerin umarni ne da kake rubuta wa kwamfuta ta riƙa bi layi bayan layi, ba sai kana zaune a gabanta ba. Ka ce mata duk Litinin ta haɗa rahoto kaza ta aika wa wane, kai kuma ka tafi ɗaurin aure abinka. Masu makarantu, masu ɗakin gwajin jini, masu sayar da taki, duk wanda ya gaji da aika takarda iri ɗaya kowane mako, mu yake nema.

Aikin farko da na yi irin wannan a kafen Oga Zira na yi shi, kusa da tasha. Oga Zira mutumin Michika ne, siriri, tabarau ɗaure da zare, kuma shi ya fara kawo intanet na haya unguwarmu. Kayan aikinmu na lokacin in na lissafa muku za ku ce tatsuniya nake: kwamfutoci shida 'yan gwanjo masu ƙatuwar ƙeya, janareta mai tarin fuka, da modem da muke ɗaurewa a kan gora mu tura ta taga, domin netwok ɗin ba ya yarda ya sauko ƙasa. Wata makaranta mai uwa a Yola ta nemi a riƙa aika mata sunayen ɗaliban da suka halarci aji duk Juma'a. Oga ya ce in gwada. Na rubuta layukana uku, irin naku sak, na danna, allo bai ce komai ba, na miƙe ina gyara wuyan riga na ce wasiƙa ta tafi.

"Wa ya gaya maka?" in ji Oga.

"Ai ba ta yi ƙorafi ba."

"Ka tambaye shi?"

Ni ban san ana tambayar kwamfuta ba. Bai tsaya yi mini bayani ba, ya ɗauko ambulan ya liƙe, ya ce in kai tasha a kai wa ƙanwarsa a Yola. Na je na dawo cikin minti ashirin ina jiran yabo. Ya ce wa na ba? Na ce ɗan kamasho. Motar ta tashi? Na ce ban tsaya ba. Lambar direba fa? Ban karɓa ba. To wa zai gaya wa ƙanwar ta je ta amsa? Ya ce, "Koma." Sau uku na koma tasha ranar, a ƙafa, cikin zafin bazara, kuma sai da la'asar, bayan matar ta bugo ta ce saƙo ya iso hannunta, ya gaya mini ba komai a cikin ambulan ɗin. Ita ma ta san wasan, don ba ni ne na farko ba.

Sai a sannan ya zaunar da ni ya nuna mini inda ake tambaya. Duk shirin da ka kira a kwamfuta, in ya gama yana barin lamba. Sifili na nufin aiki ya yi, kowace lamba kuma ban da ita matsala ce. A sana'armu ce kaɗai ake cin sifili a yi hamdala. Amma lambar ba za ta taso ta same ka ba, kai za ka je ka duba ta. Kuma ko ka ga sifilin, iyakar abin da ya gaya maka shi ne ɗan kamasho ya karɓi ambulan. Ko wasiƙar ta bar kwamfutarka, ko sabar da ke can, wato babbar kwamfutar da ke karɓar wasiƙu ta raba, ta amsa, ko ta amsa sannan ta maido, ko mutum mai ido ya buɗe ya gani, waɗannan tambayoyi ne daban-daban, kowace da inda ake duba ta. Oga yakan ce, da irin Hausarsa, "Mashin ba ya ƙarya, Sa'adu. Amma in ba ka tambaye shi ba, shi ma ba zai gaya maka ba."

Akwai wani ɗakin gwajin jini a Lamorde da ya koya mini cewa kwamfuta ba ɗaya ba ce. Na rubuta musu sikirif da zai riƙa aika sakamakon gwaji ga likitansu a Yola. A kwamfutata ya yi aiki sumul, na gwada ya fi sau goma. Na zuba shi a fulash na kai tasu, na danna, ga sifili, na sha ruwan sanyin da suka ba ni na tafi. Kwana uku likitan ya bugo ya ce ya gode ƙwarai da gaisuwa, jinin fa? Wasiƙun suna zuwa da sallama da sa hannu, takardar sakamako ce ba ta biyo su. Ashe shirin aika wasiƙa da ke kwamfutata da wanda ke tasu sunansu ne kawai ɗaya. Alamar da a wajena ke nufin a liƙa wannan takarda, a wajensu tana nufin a ƙara wannan layi a saman wasiƙa. Babu wanda ya yi kuskure a ganinsa, don haka babu wanda ya yi ƙorafi.

Irin waɗannan suna da yawa. Sakatariyar wani mai taki tana son ƙawata rahoto da ɗigo guda a tsakiyar shafi, shi kuwa tsohon shirin in ya ga layi ba komai sai ɗigo ɗaya, ya ɗauka an ce wasiƙa ta ƙare, ya yanke sauran ya zubar. Wata biyu ana aika rabin rahoto. Wani ɗalibi mai suna Ɗanjuma kuwa sunansa ya isa Yola da wasu zane-zane a gaba, don ban gaya wa wasiƙar da wane irin baƙi aka rubuta ta ba. Tun daga nan kowane sikirif nawa, kafin ya taɓa komai, sai ya leƙa ya ga wane gida aka kawo shi. Akwai shirin aika wasiƙa a nan? Wanne ne? In babu, akwai na biyu? In babu ko ɗaya, ya tsaya cak ya rubuta da jan baƙi cewa bai tura komai ba. Ku riƙe wannan jan baƙin, za mu dawo kansa.

Sabar ma tana magana, ga mai saurare. Lamba take amsawa da ita. In ta fara da biyu, ta karɓa. In ta fara da huɗu, cewa take ka dawo anjima. In ta fara da biyar, cewa take kar ka sake dawowa. Na taɓa rubuta sikirif mai naci wanda bai san bambancin huɗu da biyar ba. Adireshin da aka ba ni akwai kuskure a ciki, sabar ta ce biyar, shi kuma ya yi ta komawa tun Juma'a har Litinin, sai da masu sabar suka toshe kafen Oga Zira gaba ɗaya, kwastoma ba mai iya aika ko gaisuwa. Ba zan maimaita muku abin da Oga ya ce mini ba, rabinsa ma da yarensu ya faɗa. Ba ni kaɗai ba ne gwani. Wani haziƙi a cikinku ya kawo mini aikinsa bara yana alfahari ya kula da kuskure: in imel ya ƙi tafiya, sikirif ɗin zai aiko masa da imel ya sanar da shi. Na ce Allah ya ƙara basira.

Yanzu ga aikin da ya sa na zauna rubuta wannan. Alhaji Buba yana da ƙaramin asibiti a bakin gari, ta hanyar da manoman Sahuda da Kwaja ke shigowa. Shi ba likita ba ne, shi ne mai wurin, kuma mutumin kirki ne, kar wani ya ji labarin nan ya ɗauka ba haka ba. Wata ƙungiyar agaji mai sito a Yola ce ke ba shi wasu magunguna kyauta, cikinsu har da allurar dafin maciji, wadda ba a samunta a kemis. Ƙa'idarsu ɗaya ce: ka aiko da imel ka faɗi abin da ya ƙare, su ɗoro maka. In ba ka aiko ba, ba ka da buƙata ke nan. Mai kula da firjin magani wata nas ce, Sista Kuve, mace mai kaifin baki da kaifin ido. Ita ke shigar da abin da ya rage a kwamfuta, sikirif ɗina kuma duk Litinin da safe ya duba abin da ya yi ƙasa, ya haɗa wasiƙa ya aika.

Na yi aikin yadda aka koya mini. In ta tafi, kore. In netwok ya ƙi, ja. Netwok ɗin Mubi kuwa kun san halinsa, don haka Litinin da yawa Alhaji yakan buɗe ofis ya tarar da jan rubutu yana jiransa. Ya aika aka kira ni.

"Injiniya," ya ce, bayan mun gaisa mun tambayi iyali da gajiya da ruwa, "wannan kwamfuta naka ba shi da tarbiyya. Da sassafe, ban ko zauna ba, ya tare ni da mugun labari. Mu a gidanmu ko rasuwa za a faɗa, sai an gaisa tukuna, a ce lafiya lau, a zauna, sannan a hankali a kawo magana. Kuma in na dawo da azahar sai in ga wasiƙan ya tafi da kansa. To tashin hankalin na mene ne?"

Yana da gaskiya ta wani gefe, kuma wannan gefen ne ya cuce ni. Tsohuwar kwamfutar asibitin tana da shirin aika wasiƙa mai haƙuri. In netwok ya ƙi, sai ya ajiye wasiƙar a layi ya riƙa gwadawa da kansa har ta wuce. Jan rubutun safe yawanci ya warke kafin azahar. Na ce a raina, dattijo ya roƙi abu kaɗan, kuma kunya ba za ta bar ni in tsaya ina yi masa lacca a ofishinsa ba. A kwamfuta akwai wani rami da ake zuba abin da ba a son gani, duk abin da ya faɗa ciki ya tafi ke nan, ba a tono shi. Da rabin layi na karkatar da duk wani ƙorafi na sikirif ɗin zuwa ramin nan. Sannan a ƙarshe na ƙara layi ɗaya da ba ya tambayar kowa komai, kullum shi dai ya fito da kore shar: An tura. Lafiya lau. Alhaji ya gani ya yi dariya har da tafi, ya ce yanzu na'ura ta zama 'yar gida. Ya sa aka kawo mini kindirmo. Shekara biyu abin yana tafiya ba ko tangarɗa, ni kuma ina ba da labarinsa a matsayin misalin sanin halin kwastoma.

Sai shekarar gudu ta zo, shekarar da 'yan bindiga suka ci gari. Ba sai na ba ku labarinta ba, wasunku a bayan iyayenku kuka tsallaka duwatsu. Kowa a Mubi in aka ce muguwar shekara ita yake nufi. A sana'ata kuwa, muguwar shekara wadda ta biyo bayanta ce. Da muka dawo, asibitin Alhaji ba ƙofa ba taga, kwamfutar ta bi sauran kaya. Oga Zira bai sake buɗe kafe ba, ya koma gona a garinsu. Alhaji ya gyara wurin da kaɗan-kaɗan, wani ɗan'uwansa ya ba shi kwamfuta sabuwa fil a kwali. Ni kuma, gwanin tanadi, ina da sikirif ɗin a fulash da na gudu da shi a aljihu. Na zuba, na danna, kore ya fito: An tura. Lafiya lau. Minti goma aikin ya ɗauke ni. Na ma ƙi karɓar komai, na ce gudummawata ce ga farfaɗo da gari, aka yi ta sa mini albarka.

Damina ta sauka. Gonakin da suka shekara ba a taɓa ba duk sun zama daji, ciyawa har ƙugu, kuma da mutane suka shiga da fartanya suka tarar an riga su tarewa. Kububuwa ta yi yawa a shekarar. Allurar da Sista Kuve ta samu ta buɗe asibiti da ita ta fara ƙarewa, ta shigar a kwamfuta, Litinin ta yi, kore ya fito. Mako ya zagayo ba kaya. Ta gaya wa Alhaji a buga wa mutanen Yola waya. Alhaji ya ce ai ga shi an tura, kuma wanda ke ba ka abu kyauta ba a tsaya masa a ka, su ma suna da asibitoci da yawa a wuyansu, a yi musu uzuri. A mako na huɗu ta tare ni a baranda.

"Malam Sa'adu, wasiƙan nan yana tafiya kuwa? Allura saura biyu."

Na shiga na kalli allo, na fito na ce mata yana tafiya, ga shi nan a rubuce.

"Na ga rubutu. Na iya karatu. Ka buɗe cikinsa ka duba."

Kun san me na ce mata? Na ce, "Sista, ke da allura, ni da kwamfuta." Har na yi murmushi, don a ganina magana ta yi daɗi. Ni da aka aika tasha sau uku da ambulan ba komai a ciki, na tsaya ina karanta wa mutane layin da ni na rubuta da hannuna, ina kafa hujja da shi. Ta dube ni sama da ƙasa ta koma ɗakin magani.

Ranar wata Alhamis a mako na bakwai, da hantsi, ina asibitin ina fama da firinta da ta cinye takarda, aka shigo da wani dattijo a keke mai ƙafa uku. Baba Tumba sunansa, manomi ne daga Sahuda. Tun da sanyin safiya yana maimai a gonar dawarsa kububuwa ta sare shi a idon sawu. 'Yan'uwansa sun ɗaure masa ƙafar tamau da robar tayar keke a ƙasan gwiwa, kuma kafin su sami abin hawa rana ta ɗaga. Ƙafar ta kumbura ta yi baƙi, dasashinsa yana zubar da jini. Matarsa tana riƙe da takalminsa ɗaya. Sista Kuve ta buɗe firji, ko da yake ta san abin da ke ciki. Allura ta ƙarshe ta tafi tun ranar Lahadi. Ta rufe firjin a hankali, ta waiwayo, ba ta kalli Alhaji ba, ni ta kalla.

Aka shiga buga waya. Gari bai gama farfaɗowa ba, duk inda aka tambaya babu. Sista ta ce robar nan ta daɗe, in ta kwance ba allura dafi zai bi jiki, in ta bari ƙafar ce za ta mutu, kowanne aka zaɓa sai an yi sauri. Alhaji ya miƙa makullin motarsa ba tare da an roƙe shi ba. Aka kwantar da Baba Tumba a baya, Sista ta shiga kusa da shi, suka kama hanyar Yola, hanyar da a lokacin gadojinta a karye suke, sai an gangara ta cikin mayo, wato kogi, an hau.

Ni aka bari da firinta. Na zauna gaban kwamfutar, na buɗe sikirif ɗin, na nemo rabin layin nan na ramin na goge shi. Na danna. Ja ya fito, da Hausata, da kalmomin da ni na zaɓa shekaru da suka wuce: Babu shirin aika wasiƙa a wannan kwamfutar. Ba a tura komai ba. Sabuwar kwamfutar ba ta zo da shirin ba. Sikirif ɗin ya yi duk abin da aka koya masa. Ya leƙa, ya ga babu, ya tsaya, ya yi ihu. Litinin bakwai yana ihu a cikin ramin da na tura shi, layin ƙarshe kuma yana fitowa yana gaida Alhaji. Na ji tsoro ranar irin wanda ban ji ba ko a kan dutse lokacin gudu, don a can na san ba ni na jawo ba.

Na nemo lambar mai kula da siton na buga. Ya ce, "Mubi? Ashe kun dawo? Mu da muka ji shiru mun ɗauka ba ku buɗe ba tukuna. Allura ai ga ta nan katan-katan, ba wanda ya nema." Na yi masa godiya. Ban san me ya sa na yi masa godiya ba, baki ne ya saba.

Sun isa Yola bayan la'asar. Baba Tumba ya rayu. Ƙafar ce ba ta dawo da shi ba, an yanke ta daga ƙasan gwiwa.

Da Sista ta dawo na tara su ita da Alhaji na nuna musu ja da kore da rabin layin da ke tsakaninsu. Alhaji ya ce ƙaddara ce, kuma in ma laifi ne nasa ne, shi ya ce a cire jan. Na ce a'a, Alhaji, kai gaisuwa ka nema, ƙaryar ni na ƙara. Sista Kuve ta ce, "Ƙaddara ne ya zaɓa kore?" Da yamma na buga wa Oga Zira a gonarsa na ba shi labarin tun daga farko. Ya saurara har na gama. Ya ce, "Ka tambaye shi?" Na ce a'a, Oga. Ya ce, "To," ya kashe wayar.

A makon na sake rubuta komai. Sikirif ɗin ya daina dogara da abin da zai tarar a gidan mutane, yanzu da sabar yake magana kai tsaye, adireshinta da kalmar sirri suna wata takarda daban, in an sauya kwamfuta a gyara takardar kawai. In ta ce huɗu ya jira ya sake, yana ƙara tazara. In ta ce biyar ya tsaya. Wasiƙar da ba ta tafi ba ba ta ɓata, tana nan a ajiye har a tura ta. Duk abin da ya faru yana rubuta shi da rana da lokaci. In ya kasa, saƙon tes yake aikawa wayar Sista, ba imel ba, haziƙinmu na bara sai ya lura. In Laraba ta yi Yola ba ta amsa ba, wannan ma ja ne, don shiru ba amsa ba ce. Alhaji kuma ban hana shi haƙƙinsa ba. Yanzu in ya buɗe ofis yakan tarar da: Ina kwana, Alhaji. Ba a tura ba. Ya ce haka ma tarbiyya ce. Kuma duk inda na kai sikirif, ba na barin wurin sai na zare wayar netwok da hannuna, na danna, na ga ya yi ja. Wanda bai taɓa faɗuwa a gabana ba, ban yarda da shi ba. Layukan sun kai ɗari da wani abu. Uku daga ciki su ne naku.

Da kaka na je Sahuda. Na sami Baba Tumba a ƙofar gida a kan tabarma yana ɓare gyaɗa, sandunansa biyu jingine da bango, 'ya'yansa mata sun tafi yankan dawar da shi ya shuka. Na gaishe shi na zauna na ce ni ne mai kwamfutar asibiti, kuma da na yi aikina daidai da allura tana nan ranar da aka kawo shi. Na yi ƙoƙarin bayyana masa ramin da koren. Ya saurara da ladabi irin na wanda ake yi wa wa'azi da yaren da ba ya ji.

"Kai ne ka aiko maciji?"

"A'a, Baba."

"To maciji ne ya cije ni, ɗana. Ka ci gyaɗa."

Na ci. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi, amma bai ba ni wannan ba.

Ba ya noma yanzu. Ranar kasuwa akan kawo shi gari ya zauna da tiren gyaɗa ba nisa da shagona, wasunku ma kun saya a wajensa ba ku sani ba. Duk ranar sai na tsallaka na durƙusa na gaishe shi. In ce, Baba, ina kwana, ya ƙafa? Ya gyara ƙullin wandonsa a inda gwiwar ta tsaya, ya dube ni da fara'a ya ce, "Lafiya lau."

Shi yana da ikon faɗin haka, ƙafarsa ce. Sikirif ɗinku ba shi da wannan iko. In mai layi uku ya dawo ranar Talata da kwamfutarsa, zan zare wayar netwok, mu ji abin da layukan za su ce.